Waken suya: irin da ya burge a gonar wani, da irin da zai riƙe ka a taka gonar

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi son karantawa a nutse.

Yau maganar waken suya za mu yi. Na san wasu za su ce, "Kai Malam, waken suya kuma? Na awara?" E, shi fa. Shi ne na awarar da kuke ci da yaji da yamma, shi ake matsewa a fitar da man girki, kuma dusarsa ce ƙashin bayan abincin kajin gidan gona. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayarsa furotin ne, kusan kashi 20 kuma mai. Shi ya sa kamfanoni ke nemansa, shi ya sa matasa da yawa suka faɗa nomansa. Ni ma ina cikinsu, kuma da asarata zan fara.

Shekarar da na fara, na kai ziyara wajen wani ɗan uwana a yankin Saminaka ta jihar Kaduna. Ya shiga da ni gonarsa, na ga waken suya ya kai min ƙugu, kwanso reras tun daga gindi har sama. Nan take kwaɗayi ya kama ni. Da damina ta matso na ce ya aiko min da irin nan nasa, ba wani ba. Na kwashi adashena, Inna ta sayar da ragonta ta ƙara min, na kama hekta biyu a arewacin Kano, wajen Bichi. Na shuka a ƙarshen watan Yuni.

Wallahi gona ta yi kyau. Kore shar, har hoto nake ɗauka ina sawa a status. Sai ga ƙarshen Satumba ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da waken ke zuba ƙwaya a cikin kwanso. Na yi ta kallon sama. Da muka casa, buhu bakwai na samu a hekta biyu, rabin ƙwayar duk a motse.

Na je wa Baffana da ƙorafi, na ce, "Baffa, ina jin algus aka yi min a irin nan." Ya ɗebi waken a tafin hannunsa, ya duba, ya ce, "Ɗan nan, kwana nawa irin yake yi kafin ya nuna?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ruwan Saminaka ka tambaya wata nawa yake yi?" Nan ma shiru. Ya ce, "Ba wanda ya cuce ka. Iri ka ɗauko, ka baro ruwansa a can."

Daga baya na gano irin yana bukatar kusan kwana 120. Ku lissafa da kanku: daga ƙarshen Yuni, kwana 120 ya kai ka ƙarshen Oktoba. A inda na shuka kuwa, ruwa ba kasafai yake wuce ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ba. Irin ba shi da laifi, ƙasar ba ta da laifi. Haɗin ne bai yi ba.

To wannan abin da ya same ni, shi ne babban ciwon kan masu ƙirƙirar iri a duniya baki ɗaya. Abin da ka girba ba daga iri kaɗai yake zuwa ba, ba kuma daga wuri kaɗai ba. Akwai abu na uku: yadda wannan irin yake jituwa da wannan wurin. Irin da ya zo na ɗaya a Makurdi yana iya zuwa na goma a Kano. Wanda ya zo na ɗaya bana yana iya faɗuwa baɗi a gona ɗaya, don kawai ruwa ya canza tafiya.

Me ya sa abin ya fi tsanani a waken suya? Dalili na farko, waken suya yana lissafin tsawon dare. Ba wasa nake ba. A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka wallafa bincikensu da ya nuna cewa wasu tsirrai ba sa fure sai tsawon yini ya ragu zuwa wani mizani, kuma waken suya na cikin tsirran da suka yi gwajin da su. Shi in dare ya yi masa tsawo, sai ya ɗauka lokaci ya ƙure, ya fara fure. A tsakiyar Amurka, inda ake nomansa sosai, yinin bazararsu yana kai awa 15. Mu kuwa a Kano, yini mafi tsawo a shekara bai cika awa 13 ba. Saboda haka in ka ɗauko irin can ka shuka a nan, tun yana ɗan ƙarami zai yi fure, ya tsaya gajere, ya ba ka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa a Amurka suka kasa irinsu rukuni-rukuni gwargwadon nisan wuri daga arewa zuwa kudu, kowane yanki da rukunin da ya dace da shi.

Ƙasar Brazil ta sha fama da wannan. Da farko a kudancinta kawai ake noma waken suya, inda yanayi ya yi kama da na ƙasashen sanyi. Hukumar binciken nomansu, Embrapa, da aka kafa a 1973, ita da sauran masanansu suka yi aiki a kan wata ɗabi'a da ke sa tsiron ya jinkirta fure ko da yini gajere ne, ya samu ya yi jiki tukuna. Da wannan, haɗe da gyaran ƙasa mai tsami, suka shigar da waken suya cikin dajin Cerrado mai zafi. Yau Brazil ce kan gaba a duniya wajen nomansa, kuma hekta ɗaya a can tana ba da sama da tan 3. Mu a Najeriya matsakaicin abin da ake samu yana wajen tan 1 ne.

Dalili na biyu yana ƙarƙashin ƙasa. In ka tuge waken suya mai lafiya za ka ga wasu 'yan ƙululai a jikin saiwarsa. Gidan bakteriya ne. Ita ke kamo sinadarin naitirojin daga iska ta ba tsiron, wato taki kyauta. Matsalar ita ce irin Amurka yana da zaɓe, da bakteriya ta musamman kawai yake shiri, wadda babu ita a yawancin ƙasar noman Afirka sai an zuba. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta shiga aikin waken suya a shekarun 1970, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ta yi shi ne fitar da irin da ba ya zaɓe, wanda ke shiri da bakteriyar da dama take cikin ƙasarmu, irin wadda waken gida ke amfani da ita. Duk irin da kuka ga sunansa ya fara da TGx, daga wannan aikin ya fito.

Dalili na uku, kowane wuri da abokin gabarsa. A wurare masu laima, kamar Binuwai da kudancin Kaduna, akwai cutar tsatsa da ke cin ganye har ya zube kafin ƙwaya ta cika. An gano ta a Najeriya a ƙarshen shekarun 1990, ta shiga Kudancin Amurka a 2001, ta isa ƙasar Amurka a 2004. Mu kuma a sama, inda iskar hunturu ke saurin shigowa, matsalarmu fashewar kwanso ce. Wake ya nuna, ka yi jinkirin kwana kaɗan kana neman ma'aikata, ka zo da rana ka ji gona tana ƙara tas-tas, rabin arzikinka ya watse a ƙasa. Ga kuma guntuwar damina, wadda ita ta kayar da ni.

Yanzu ku sa kanku a matsayin mai ƙirƙirar iri. Ana so ka fitar da irin da zai jure duk wannan. Yaya ake yi?

Furen waken suya ɗan mitsitsi ne, kuma kansa yake yi wa barbara, da wuya ƙurar furen wani tsiro ta shige shi. To sai masani ya zaɓi iyaye biyu, a ce ɗaya mai yawan haihuwa, ɗaya mai jure tsatsa. Ya tsuguna da ɗan hantsaki, ya buɗe furen uwar tun bai buɗe ba, ya sa masa ƙurar furen uban. Da yawa ba sa kamawa. Wanda ya kama, a shuka 'ya'yansa, a shuka jikokinsa, a yi ta maimaitawa har zuriya biyar ko shida, sai kowane layi ya zauna a kan halinsa, ya daina fitar da 'ya'ya mabambanta. A wannan matakin layuka na iya kai ɗaruruwa ko dubbai. A yi ta tankaɗe, a zubar da masu kwanciya, da masu fashewa, da masu kamuwa da cuta.

Waɗanda suka tsira su ake kai wa jarrabawa ta gaske, wato gwaji a wurare da yawa. A ɗauki layuka ashirin ko talatin, a shuka su a Ibadan, a Mokwa, a Zariya, a Kano, duk a damina ɗaya. A kowane wuri, kowane layi sai an shuka shi a fegi uku ko huɗu, kuma ƙuri'a ake yi wajen raba fegin, don kada wani layi ya faɗa kan tsohon juji a ɗauka ƙoƙarinsa ne. A haɗa da tsohon irin da manoma suka sani, a matsayin ma'auni. Sannan a sake baɗi, wani lokaci har da baɗin baɗaɗa. Bayan nan a kai gonakin manoma su gwada da hannunsu. A Najeriya cibiyar NCRI da ke Badeggi a jihar Neja ita ke da alhakin binciken waken suya na ƙasa, kuma sai kwamitin ƙasa mai rajistar iri ya amince kafin a sake shi. Daga ranar da aka haɗa furen zuwa ranar da iri zai shigo kasuwa, shekara takwas zuwa goma ba abin mamaki ba ne.

To in sakamako ya dawo, wa ya ci? Nan ne wajen da nake so ku buɗe kunne. Bari in ba ku misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane. Iri uku, wuri uku: wuri mai ruwa sosai, matsakaici, da mai ƙarancin ruwa. Buhu a hekta.

Iri na farko: 28, 15, 5.
Iri na biyu: 22, 18, 14.
Iri na uku: 10, 10, 10.

In ka je gonar nuni a wuri mai ruwa, wanne zai burge ka? Na farko mana, buhu 28. Shi za a ɗauka a hoto. Amma haɗa ka raba uku: na farko 16, na biyu 18. Kuma duba ranar wahala, na farko buhu 5 ya ba ka, na biyu 14. Wanda ya ci bashin taki, tsakanin 5 da 14 ne ake rabuwa da babur ko a tsira da shi.

Na uku fa? Shi ne ya fi kowa rashin canzawa, ko'ina 10. Amma wa ke son sa? Ka zuba masa taki, ruwa ya wadata, yana nan a 10 ɗinsa. Saboda haka in masana suka ce iri mai tabbas, ba irin da ya daskare wuri ɗaya suke nufi ba. Suna nufin irin da in shekara ta yi kyau zai tashi tare da ita, in ta ɓaci ba zai faɗi warwas ba, kuma za ka iya hasashen abin da zai yi.

Akwai lissafin da ake auna wannan da shi. A 1963 wasu masana biyu a Ostireliya, Finlay da Wilkinson, da suke aiki a kan sha'ir, suka kawo dabara mai sauƙi. A kowane wurin gwaji, a haɗa amfanin duk irin da aka shuka a fitar da matsakaici, wannan shi ne makin wurin. Sai a jera wuraren daga mafi muni zuwa mafi kyau, a duba yadda kowane iri yake hawa. Wani yana hawa da gudu, wato ɗan gata ne, sai da daɗi. Wani yana hawa a hankali, ɗan wahala ne. A 1966 Eberhart da Russell a Amurka, su kuma a kan masara, suka ƙara tambaya ɗaya: ban da yadda yake hawa, sau nawa yake kauce wa layinsa? Irin da yau ya wuce abin da ake zato, gobe ya faɗi ƙasa ba dalili, ba abin dogaro ba ne ko da matsakaicinsa ya yi kyau. Yanzu kwamfuta ke wannan aiki, ta zana taswira da ke nuna wane iri ya ci a wane rukunin wurare, wane ne kuma ya tsaya daram a tsakiya.

Wannan taswirar takan nuna wani abu da ya kamata mu karɓa: ba lallai a samu iri ɗaya da zai gamsar da Najeriya gaba ɗaya ba. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a raba ƙasa shiyya-shiyya, a nemi mai tabbas a cikin kowace shiyya. Ku ɗauki misali biyu na gaske. TGx 1448-2E tsohon iri ne da aka saki tun farkon shekarun 1990, yana ɗaukar kusan wata huɗu, kuma an san shi da rashin saurin fashewa. Har arewacin Ghana ya je, inda cibiyar binciken noma ta Nyankpala kusa da Tamale ta sake shi da sunan Jenguma. Amma tsatsa tana kama shi, kuma yana son damina mai tsawo. Shi kuwa TGx 1835-10E, da aka saki a 2008, yana nuna da wuri, wajen wata uku da 'yan kwanaki, kuma yana jure tsatsa. Wanne ya fi? Tambayar ba ta cika ba sai ka faɗi inda gonarka take. A inda ruwa ke kai Oktoba, mai dogon zango yakan fi cika buhu, don ya fi samun lokacin yin jiki. A inda ruwa ke ɗaukewa da wuri, mai gajeren zango ne zai kai ka gida.

Wani zai ce, "To Malam, mu da ba masana ba, ina ruwanmu da duk wannan?" Ruwanku a ciki har wuya. Ga abin da na koya, wanda da na sani tun farko da ragon Inna bai tafi a banza ba.

Na ɗaya, kada ka sayi irin da ba shi da suna. "Mai kyau ne, Alhaji" ba suna ba ne. In mai sayarwa bai san sunan irin ba, bai san kwana nawa yake yi ba, to hatsi yake sayar maka, ba iri ba. Nemi wanda ke cikin jaka da tambarin hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa.

Na biyu, lissafa daminarka kafin ka lissafa riba. Tambayi dattawan garin da gonar take, yaushe ruwa ke zama, yaushe yake ɗaukewa a yawancin shekaru, ba a shekarar da ta fi kowacce kyau ba. Lokacin da waken suya ya fi jin ƙishirwa shi ne lokacin cika kwanso. Ka tabbata wannan lokacin ya faɗo cikin ruwa.

Na uku, tambayi inda aka gwada shi. Malaman gona na yankinku da cibiyoyi irin su IAR Samaru a Zariya suna da wannan bayanin. Gona ɗaya da ka gani a shekara ɗaya ba hujja ba ce, balle bidiyon TikTok.

Na huɗu, yi naka ɗan gwajin. Ware gefe guda, ka shuka iri biyu ko uku kusa da juna, rana ɗaya, taki ɗaya, shara ɗaya. Ka auna da kwano, ka rubuta a littafi. Ka maimaita baɗi. In kuna da ƙungiya, ku yi a gonakin mutum biyar a ƙauyuka daban-daban, ku haɗa sakamako. Abin da masana ke yi kenan, naku ƙarami ne kawai.

Na biyar, in gonar da girma, kada ka zuba ta duka a iri ɗaya. Raba tsakanin mai saurin nuna da matsakaici. Ko ruwa ya yi gardama, ɗaya zai fitar da kai, kuma girbi ba zai haɗe maka rana ɗaya ba.

Na shida, iri mai kyau ba ya maye gurbin aiki. Waken suya yana samar wa kansa naitirojin, amma yana bukatar fosfaras, wato takin supa. Garin bakteriyar nan da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin su NoduMax da IITA ke yi, yakan ƙara amfani ko a kan irin TGx. Sannan tunda kansa yake yi wa barbara, kana iya ajiye irinka ka sake shukawa, ba kamar masarar haibirid ba. Amma ƙwayarsa tana saurin mutuwa a zafi da laima. Kafin ka shuka, ƙirga ƙwaya 100 ka binne a jiƙaƙƙen yashi, bayan mako ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun yi ƙasa da 80, ka ƙara yawan iri ko ka nemi sabo.

Ni dai shekarar da ta biyo baya rabin hekta kawai na yi, da mai saurin nuna, kuma na je da littafina. Gonar ba ta kai ta ɗan uwana kyau a hoto ba, tsiron ma bai kai nasa tsayi ba. Amma ruwa ya ɗauke ya tarar kwanso ya riga ya cika. Shekara biyu na ɗauka kafin na mayar wa Inna da ragonta. Da na kai mata shi ta ce, "Allah ya yi albarka. Wannan karon ka tambayi ruwan ko?" Na ce na tambaya, Inna.

Ku da kuka taɓa nomansa, ku faɗa mana a ƙasa: wane gari, wane iri, yaushe kuka shuka, buhu nawa kuka samu, har da shekarar da aka faɗi, don ita ta fi koyarwa. In muka tara amsoshi daga Kano, Kaduna, Bauchi, Neja, Binuwai da sauransu, za mu zauna mu duba su tare a wani shirin.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da asara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.